Titi, Fili da Daji: Dokin Daura a Idon Kyamara

Gabatarwa

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma a zamaninmu abin da kyamara ta gani shi ne yake zama tarihi a wurin mafi yawan jama'a. Duk wanda ya nemi hoton dokin Daura a yau, a talabijin ko a wayar hannu, abu ɗaya zai yi ta cin karo da shi: mahayi cikin rawani da alkyabba, doki cikin jalala, ƙura ta turnuƙe a ƙofar fada. Hoton gaskiya ne, sai dai ɓangare ne kawai na gaskiyar. Dokin ƙasar Hausa ya rayu a fagage uku, wato daji, da fili da aka share domin wasa, da titin birni. Abin da nake so in bi diddiginsa a wannan muƙala shi ne yadda kyamara ta raba hankalinta tsakanin fagagen nan uku cikin shekara ɗari da 'yan kai, da dalilin da ya sa ta fifita biyu ta yi watsi da ɗaya, da kuma abin da hakan zai jawo wa 'yan baya idan suka zo tambayar mene ne hawan doki a ƙasar Daura.

Muhawarar masu zamiyar ƙanƙara

Ba mu kaɗai muke da wannan tambaya ba. A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke sauka akwai wasan zamiya, inda mutum yake ɗaura dogayen alluna biyu a ƙafa ya sulalo daga tudu. Wasan yana da finafinansa tun da daɗewa. Wani Ba'amurke, Warren Miller, ya fara fitar da irinsu a 1950, ya kuma ci gaba da fitar da guda ɗaya kowace shekara har shekaru masu yawa. Da farko duwatsu ne fagen. A 1998 kamfanin Salomon ya fito da allon zamiya mai lanƙwasa gaba da baya, wanda ya ba matasa damar sauka da baya bayan sun yi tsalle. Daga nan wasan ya rabu uku. Wasu suka tsaya a kan duwatsun da ba a taɓa share su ba, wasu suka koma filayen da aka gina musu matsallaka na musamman, wasu kuma suka shigo gari suna zamewa a kan matakalu da ƙarafunan gefen hanya.

Tun daga lokacin masu kallon finafinan suke jayayya kan wanne ne zamiyar asali. Na dutse suna cewa su ne suka riƙe tushe, domin su suke karatun iska da ƙanƙara da ransu a hannu. Na fili suna da alƙalai da maki, har ma irin wasanninsu suka shiga gasar Olamfik ta hunturu a Sochi, ƙasar Rasha, a 2014. Na gari suna cewa su suka kawo wasan ƙofar talaka. Wani ɗan Kanada, JP Auclair, ya yi suna a 2011 da wani ɓangare na fim ɗin All.I.Can, inda ya ratsa unguwannin wani ƙaramin gari yana tsallake motoci da shingaye, allonsa yana tartsatsi a kan kwalta. Bayan shekara uku, a watan Satumba na 2014, zaftarewar ƙanƙara ta halaka shi a wani dutse da ke iyakar Chile da Ajantina. Mutumin da duniya ta sani da wasan titi, a daji ajalinsa ya same shi.

Na kawo wannan labari ne domin kalma ɗaya ta haɗa mu da su. Zamiya a wurin Bahaushe ita ce yadda mahayi yake jan linzami a ƙarshen sukuwa, doki ya turje da ƙafafun baya ya zame a cikin ƙura. Su ma namu mahayan sun rabu kamar yadda nasu suka rabu. Bambancin shi ne, su kyamara ta fara bin su tun daga dutse sannan ta biyo su gari, mu kuwa kyamara ta iso ne a daidai lokacin da doki yake barin daji.

Daji: inda aka faro

Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci ya nuna cewa a zamanin Sarki Kanajeji, tsakanin 1390 da 1410, aka shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Waɗannan kaya, da yanzu muke gani a hawan Sallah muna sha'awa, kayan kare rai ne daga kibiya da mashi. Haka nan yawancin abin da mahayi yake nunawa a ƙofar fada a yau, a fagen fama aka ƙirƙiro shi. Sukuwa domin a cim ma abokin gaba ce ko a tsere masa. Zamiya domin a tsaya cak a juya ce kafin a faɗa tarko. Jahi kuwa alkawari ne na barade ga sarki cewa ga su, ga dawakinsu, ga makamansu.

Babu masarautar da wannan rayuwa ta shafa kamar Daura a ƙarni na 19. Wajen 1805 Malam Ishaku, mai tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya ci birnin, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Zuriyarsa suka kafa sarauta a Zango da Baure, ta yadda kusan shekara ɗari ana da Daura uku a lokaci guda, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a littafinsa kan al'amuran Daura na 1978. Daga arewa ga Damagaram da ƙarfinta, musamman zamanin Sarki Tanimu, daga kudu ga Kano. Mutumin da yake zaune a irin wannan tsaka mai wuya, dokinsa shi ne katangarsa. Dole ya san inda rijiya take a tafiyar yini guda, ya san yashin da ke cinye ƙarfin doki da ƙasar da ke ɗaukar gudu, ya iya bin sawu, ya san yawan dawa da harawa da kanwar da za su riƙe dabba kwana goma.

Ba na son in yi wa wannan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Dokin da ya kare gari shi ne kuma dokin da ya kai hari ƙauye ya kamo bayi. Manomin da ya ji sukuwa daga nesa a wancan lokaci ba fitowa kallo yake yi ba, ɓuya yake nema. Amma ko da alherinsa ko da sharrinsa, a nan ne ilimin doki ya taru, kuma babu kyamarar da ta gan shi. Abin da ya rage mana sai rubutun matafiya irin su Denham, wanda ya ga barade masu sulke a Barno a 1823, da Barth, wanda ya ratsa Katsina da Kano a 1851, sai kuma kirari da bakin makaɗa.

A 1903 bindiga mai ruwa ta kawo ƙarshen wannan babi. Kano ta faɗi a watan Fabrairu, Sakkwato a Maris, aka yi Burmi a Yuli. A 1904 Turawa suka mayar da Malam Musa daga Zango kan gadon Daura, abin da ba su yi wa gidajen Haɓe na Kano ko Katsina ko Zazzau ba. Ba a jima ba aka shata iyaka tsakanin ƙasar Ingilishi da ta Faransa, ta ratsa arewacin Daura. Yaƙi ya ƙare, hanyoyin da barade suka saba bi suka koma ƙasashe biyu. Doki ya ci gaba da shiga daji domin rangadin hakimai da karɓar haraji da jangali da farauta, har mota ta zo ta karɓe wannan ma.

Fili: inda kyamara ta samu wurin tsayawa

Kyamarar farkon ƙarni na 20 nauyi gare ta. Tana buƙatar ƙafafu uku da za a kafa ta a kai, da hasken rana, da sanin inda abin da za ta ɗauka zai ɓullo. Ba za ta iya bin mahayi cikin sabara da ƙaya ba. Saboda haka sai aka kawo mata mahayin. Wannan, a ganina, shi ne babban sirrin hawan daba irin na Turawa, wanda suka kwaso tsarinsa daga Indiya: a share fili, a kafa rumfa, a jera sarakuna bisa daraja, kowace tawaga ta wuce ta gaban babban baƙo a lokacin da aka ƙayyade mata. An yi wa Yariman Wales irin wannan a Kano a 1925, aka yi wa Sarauniya Elizabeth ta Biyu a Kaduna a watan Fabrairu na 1956, aka sake yi a Kaduna a 1977 lokacin bikin FESTAC. Kamfanonin labaran sinima na Ingila sun ɗauki na zamanin Turawa, sun nuna wa duniya.

A dubi na 1956 da kyau. Dubban mahaya suka taru daga masarautun Arewa, da yawansu sun yi kwana da kwanaki a hanya, suna yada zango, suna neman ruwa da ciyawa, suna jinyar dawakin da suka gurɗe. Wannan tafiya ita ce kusan ta ƙarshe da aka yi irin ta dā, da ilimin dā. Abin da aka fi adanawa a fim kuwa shi ne 'yan sa'o'in da suka yi a gaban rumfa. A lokacin Sarki Abdurrahman ne yake kan gadon Daura, wanda ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, kuma a cikin dattawan zamaninsa akwai waɗanda suka ga yaƙi da idonsu. Da an juya kyamara gare su na rabin sa'a, da yau muna da taskar da kuɗi ba sa saye.

Fili na biyu shi ne na wasa. Turawa suka kafa filayen sukuwa a manyan garuruwa, da zagaye da ma'auni da kofi. A Katsina, Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, ya rungumi ƙwallon dawaki a shekarun 1920, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya zama gwanin da har yau ake misali da shi a Nijeriya. Fili ya kawo abubuwa masu kyau: ƙa'ida, da alƙali, da kula da lafiyar dabba, da neman iri mai kyau har daga Sudan da Ajantina. Ya kuma samu mawaƙansa, domin waƙar Narambaɗa ta Dokin Iska Ɗanfilinge ta dokin sukuwa ce. Amma fili yana da shinge, kuma shingen ba na waya kaɗai ba ne. Wanda zai ciyar da dawaki huɗu ko biyar domin wasan yamma ɗaya ba talaka ba ne.

Majigi, wato sinimar da gwamnati take yawo da ita a mota ƙauye-ƙauye, ita ta mayar wa talaka da waɗannan hotuna. Mutumin Sandamu ko Mai'aduwa ya zauna a dandali da dare ya ga sarakuna suna wucewa a farin ƙyalle. A hankali ido ya saba cewa doki abin ado ne na saraki, wurinsa gaban rumfa. Wanda ya yi ƙoƙarin mayar da kyamara daji shi ne Adamu Halilu, da fim ɗin Shaihu Umar na 1976, wanda aka gina a kan littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda aka ga hari da ayari da hamada. Sai dai wannan kwaikwayo ne na abin da ya riga ya wuce.

Titi: tsohon fage, sabon ido

Hawa a cikin gari ba baƙon abu ba ne. Tarihin Kano ya danganta fita Idi da ƙasaita ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Zamanin Turawa ya ƙara wasu hawan, kamar Hawan Nasarawa a Kano da Hawan Bariki a Katsina, inda sarki yake zuwa gaida Razdan, yanzu kuma Gwamna. Daura tana da nata: Hawan Sallah, da Hawan Magajiya mai tuna matsayin mata a sarautar garin Daurama, da kuma Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal, wadda ta fi kowace zama tambarin Daura. A waɗannan ranaku sarki yana ratsa unguwanni, talakawa suna ganinsa ido da ido, a ƙare da jahi a filin Kangiwa. Wannan titi ne mai tsari. Akwai dogarai, akwai zagage, kowane hakimi ya san gurbinsa, kowa ya san inda ake sukuwa da inda ake takawa sannu.

Talabijin da kaset na bidiyo sun bi wannan tsari, suna tsayawa inda aka ba su wuri. Shekarun mulkin Muhammadu Buhari, daga 2015 zuwa 2023, sun ƙara jawo kyamarori Daura, domin yakan zo gida Babbar Sallah, har Shugaba Alpha Condé na Gini ya zo ya yi Sallah tare da shi a watan Agusta na 2019. Sai kuma ƙaramin jirgi maras matuƙi ya zo, kallo ya koma sama, aka fara ganin hawa kamar kogi mai launi yana malala tsakanin soraye. A Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya, wanda ya tabbatar da cewa wannan hoto shi ne fuskar da duniya ta san mu da ita.

Wayar hannu ce ta kawo sauyi na gaskiya, domin ita ce kyamarar farko da ba ta neman izinin fada. Samari masu kilisa da masu hawan angwanci suka samu masu kallo a TikTok da Facebook. A dā kilisa fita ce bayan gari da yamma domin doki ya motsa jini. Yanzu sau da yawa a kan kwalta ake yin ta, tsakanin babura da Keke Napep, domin a nan jama'a suke, a nan kuma abokin da zai ɗauka yake. Bidiyon daƙiƙa talatin ba ya ɗaukar haƙuri ko sanin hanya. Abin da yake so shi ne doki ya yi tsaye da ƙafa biyu, ko mahayi ya miƙe a kan sirdi, ko a yi zamiya dab da taron mutane.

A nan ne haɗarin yake. Yawancin dawakinmu ba a sa musu takalmin ƙarfe, kuma kofato ba ya kama kwalta yadda yake kama ƙasa. Zamiyar da yashi yake karɓa cikin sauƙi, a kan kwalta takan ƙare da karaya, ta doki ko ta mahayi ko ta yaron da ya fito kallo. Shi ya sa hukumomi a Kano suka sha hana kilisa da hawan angwanci a titunan birni. Duk da haka ba na cikin masu yi wa waɗannan samari kallon 'yan iska kawai. Su ne suke hayar dawaki duk mako, kuma da kuɗinsu masu barga da baduku da maƙera linzami da masu sayar da harawa suke cin abinci tsakanin Sallah da Sallah. Sana'ar da ake nema sau uku a shekara ba ta rayuwa. Kamar takwarorinsu masu zamiya a matakalun gari, sun ɗauko wasan manya sun kai shi inda ƙarfinsu ya kai.

Dajin da ya rufe

Me ya hana su komawa bayan gari? Dalili na farko gonaki ne. Jama'a ta yi yawa, burtali da makiyaya sun ƙanƙance, gari ya cinye filayen da ake kilisa a dā. Na biyu tsaro ne. Ƙasar Daura ta fi yammacin Jihar Katsina kwanciyar hankali, amma labarin dajin Rugu da abin da ya sami Batsari da Safana da Jibiya ya sauya ma'anar kalmar daji a kunnen kowa. A Ƙaramar Sallar 2019 masarautun Katsina da Daura sun dakatar da hawa saboda halin da ake ciki, a 2020 kuma annobar korona ta hana. Wanda yake mulkin daji a yau a kan babur yake, kuma shi ma yana ɗaukar kansa a waya. Abin takaici ne a ce bidiyon dajin Arewa da ya fi yawo a hannun jama'a na ɗan bindiga ne.

Idan aka bar al'amarin haka, ɗalibin da zai zo bayan shekara hamsin zai tarar da dubban sa'o'i na jahi da dubban guntayen bidiyo na kwalta, ya yanke hukunci cewa dokin Bahaushe ɗan kwalliya ne ko ɗan ganganci. Ba zai san yadda ake horar da ɗan doki ya karɓi ragama kafin linzami ba, ko yadda ake gane shekarunsa daga haƙori, ko abin da ya raba akawal da bidi da gunya da kili a idon mai saye.

Kammalawa

Masu zamiyar ƙanƙara suna iya ci gaba da jayayyarsu cikin kwanciyar hankali, domin duk fagagensu uku suna cikin taska. Mu namu fage ɗaya bai shiga ba, kuma masu riƙe da iliminsa tsufa suke yi. Ba na kiran a raina hawan Sallah, wanda shi ne ya riƙe doki a ƙasar nan bayan yaƙi ya ƙare, ba na kuma kiran a kori samari daga sirdi. Abin da ya kamata masarauta da ƙananan hukumominta biyar, wato Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango, su yi shi ne su keɓe wa masu kilisa filin ƙasa a bayan gari, inda zamiya ba za ta ci rai ba.

Ga masu kyamara kuwa, na Kannywood da ɗaliban jami'a da duk mai waya a aljihu, aikin yana nan kusa. A kwana a bargar hakimi daren jajiberin Gani a ɗauki mai kula da dawaki yana aikinsa. A je kasuwar Mai'aduwa a saurari dillalan dabbobi. A zauna da dattijon da ya raka hakimi rangadi kafin zuwan mota, a bar shi ya yi magana har ya gaji. A sa mahaya biyu ko uku su bi tsohuwar hanya daga Zango zuwa Daura, wadda Malam Musa ya dawo gida ta wajenta, a ɗauki tafiyar tun daga ɗaura sirdi har sauka. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake buƙatar rumfa ko babban baƙo, kuma kowace shekara da aka jinkirta, masu ba da labarin raguwa suke yi.